Filin Tambayoyin Manoma: Injin Naɗe Kara a Gonakin Zazzau

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan fili. Tun shigowar kaka yawancin saƙonnin da ke iso mini nan Samaru kan abu ɗaya suke, wato injin nan da tarakta ke ja, yana tsintar kara daga ƙasa yana naɗewa, in ya cika ya buɗe baya ya ajiye mulmulallen dami. Direbobi bela suke ce masa. Na zaɓo tambayoyi shida, na rage tsawon wasu saboda ƙarancin fili.

Malam, barka da aiki. Ina noma masara hekta 30 a wajen Soba, kuma ina da tarakta Massey Ferguson 375. Duk shekara karan nan sai dai shanu su tattake shi, ragowar a cinna masa wuta da bazara. Na ga bidiyon bela a Facebook, kuma wani dillali a Kano ya ce yana da na hannu daga Turai. In saya?
*Alhaji, daga Soba*

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka kama hanyar Kano, fara zuwa gonar ka tsaya a bakin kunya ka dube ta da kyau, domin amsar tambayarka tana can.

Babban injin nan da ka gani, wani Ba'amurke ne mai suna Gary Vermeer ya fitar da shi kasuwa a 1971, a garin Pella na jihar Iowa. Manomin da aka ƙera wa shi a baje yake shuka, ba kunya, kuma injin girbi ne ke cire masa masara, ya bar ganye da ɓawo da karyayyen kara shimfiɗe a ƙasa. Mu kuwa huɗa muke yi, tsakanin kunya da kunya santimita 75, da hannu muke karyar masara, karan kuma yana nan tsaye ko an sare shi an jingine. Haƙoran da ke tsintar kara a gaban injin kusa da ƙasa suke juyawa, tazarar ba ta wuce yatsa biyu ko uku ba. In tayoyi suka faɗa kwarin kunya, haƙoran sai su kama tonon tudun. Ƙasa ta shiga cikin damin, ta cinye bel da boris, ta kuma ƙare a bakin saniya. Na ga damin da aka kwance a wata gona kusa da Maigana: da aka girgiza tsakiyarsa, jar ƙasa ce ta zubo har ta rufe takalmin yaron da ke riƙe da shi, ga saiwoyin masara da burbushin kunya manne a jikinsu. Shanu sun shinshina sun juya.

Abu na biyu da bidiyo ba ya nunawa shi ne bela na tsakiyar aiki ne. Kafin shi sai an daddatse karan da silasha, wato injin sara da tarakta ke ja, sannan a tattara shi layi-layi da manjagarar tarakta, ko a sa ma'aikata su jera da hannu. Bayan shi kuma sai ɗagawa da jigila da ajiya. Damin kara mai faɗin mita 1.2 da tsayin mita 1.2 yakan kai kimanin kilo 200. Ƙarti huɗu za su iya gangara shi kan katako su hau da shi tirela. Amma babban, mai faɗin mita 1.5 da tsayin mita 1.8, yakan haura rabin tan, ba mai ɗaga shi sai tarakta mai cokali ko mashi a gaba. Don haka in dillalin nan babban yake da shi, ka bar masa kayansa. Taraktarka mai ƙarfin doki 75 ce, ƙaramin ne daidai da ita. Ka tabbatar shaf ɗin bayanta yana juyawa sau 540 a minti kamar yadda injin ke so, kuma tana da bakin haidirolik a baya da zai ɗaga ƙofar injin.

Injin iri biyu ne. Akwai mai bel, wanda cikinsa ke buɗewa a hankali yayin da damin ke girma, shi ya sa daminsa ke fitowa a matse tun daga tsakiya. Akwai mai rola na ƙarfe, wanda girman cikinsa ɗaya ne kullum, daminsa da laushi a tsakiya da tauri a baya. In ra'ayina kake so, mai rola ya fi dacewa da mu. Sarƙa ce da boris da giris, abin da bakanike a Sabon Gari zai kwance ya ɗaura. Kara yana yanka bel, samun sabo ko abin ɗinke shi kuwa sai an aika nesa, kaka kuma ba ta jiran saƙo. Aibin mai rola shi ne in kaya ya bushe ƙayau yana santsi, wani lokaci damin yakan tsaya cak a ciki ya ƙi juyawa.

Na hannu ba laifi ba ne, amma araha ba ta ado. Ka tafi da bakanikenka. A ƙirga haƙoran da suka karye, a juya kowace rola da hannu a saurari kukanta, a duba sarƙoƙi ko sun saki. Yawancin na Turai suna da ɗan akwatin lantarki da ake ɗaurawa kusa da direba, shi ke ba da umarnin ɗauri. Sau da yawa injin yakan iso ba akwatin, mai saye bai sani ba sai ya kai gona. Ka kuma tambaya da me yake ɗauri, igiya ko raga, kuma ina za ka riƙa samunta. Kada ka biya sai an haɗa shi da tarakta ya naɗe kara a gabanka.

Sai lissafi. Hektar da ta ba da tan 4 na tsaba takan bar kusan tan 4 na busasshen kara da ganye. Abin da inji zai iya tarawa, wanda kuma ya kamata a ɗauka, kusan rabi ne, wato dami 10 ke nan a hekta. Gonarka duka dami 300, aikin da bai fi na 'yan kwanaki ba, sauran shekara injin na zaune rana na dukansa. Ba zai mayar da kuɗinsa ba sai kana yi wa maƙwabta aikin haya, ko kun haɗa kai ku biyar ko shida. Kuma wa zai sayi dami 300? Ka nemo shi tun yanzu cikin masu turka da masu gonakin madara, ku yi magana kafin ƙarfe ya shigo gidanka.

Shawarata, damina mai zuwa ka ware hekta biyar a wurin da ruwa ba ya kwanciya, ka shuka a baje. Inda ruwa ke kwanciya a Agusta kada ka bar kunya saboda inji, masarar ita ce uwa. In kaka ta yi ka nemi bela na haya ka gwada a kan biyar ɗin. Ka kuma leƙa cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da sashen injinan noma na cibiyar binciken aikin gona ta IAR a nan Samaru, ka yi magana da mutanen da wannan ne aikinsu.

Baba, ni direban tarakta ne a wata gona a hanyar Giwa. Maigida ya kawo bela mai bel. Matsalata uku: da farko damin ba ya son kama juyi, in ya kama sai ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma bakin injin yana yawan cushewa, musamman a karan dawa. Maigida ya ce rashin iyawata ce.
*Direba, hanyar Giwa*

Ɗana, duk wanda ya fara aiki da injin nan a kan kara sai ya gamu da ukun nan, don haka ka kwantar da hankalinka.

Cushewa tukuna, don ita ce uwar sauran. Dawarmu irin su Farafara da Kaura takan yi tsayin mita uku har huɗu, bakin injinka kuwa bai kai mita biyu ba. Dogon kara in ya shigo a gicciye sai ya tokare, na bayansa su taru a kansa. Maganin yana wurin silasha: a daddatse shi kada ya wuce kamu ɗaya. A kuma yanke shi sama da ƙasa, a bar tushiya a inda take, domin tushiyar da aka tumɓuke da saiwarta ita ce ke kawo ƙasa da tsakuwa. Ka daidaita ƙananan tayoyin gefen haƙora yadda haƙoran za su riƙa shafar kara ba tare da sun taɓa ƙasa ba. In ka waiga ka ga ƙura ja tana tashi daga ƙarƙashin bakin, ka yi ƙasa da yawa.

Ƙin kama juyi kuwa daga bushewa ne. Da tsakar rana a hunturu kara yakan zama kamar gilashi, yana karyewa yana zamewa a jikin bel, ba abin da zai riƙe shi ya fara naɗuwa. Ka fita da asuba, lokacin da sanyin dare ya ɗan sassauta shi, ka tsaya in rana ta take, ka koma da yamma liƙis. Ka fara kowane dami a inda layin ya fi ganye, ka ɗan rage wutar inji kaɗan, ka ci gaba da tafiya ba tsayawa har ka ji nauyin juyin ya kama. Daga nan ka mayar da wuta daidai.

Karkatar dami daga tuƙi ne da kuma faɗin layi. Layin ya kasance ko dai ya cika bakin injin gaba ɗaya, ko kuma bai kai rabinsa ba. In siriri ne, ka bi shi ta gefen dama na ɗan lokaci, ka tsallaka da sauri zuwa gefen hagu ka yi daidai wannan lokacin, haka har ya cika. Masu yin lanƙwasa a hankali suna cika tsakiya ne kawai, damin ya fito da ƙaton ciki da siraran gefuna, bel na gefe kuma ya saki ya karkace. Wajen ɗauri kada ka yi rowa. Kara yana da tsiya wajen buɗewa, ciyawa takan yi da zagaye biyu na raga, shi sai uku ko huɗu. In igiya ce a matso da zagayen kusa da juna.

Akwai wani noti a jikin shaf da aka yi shi musamman don ya karye in inji ya cije. In ya karye, ka sa irinsa. Na san al'adarmu ta cusa guntun rodi ko noti mai tauri don a huta da canji. Ranar da injin ya sake cijewa, giyar injin ce za ta fashe a madadinsa, kuɗinta kuwa ya ninka na notin sau ɗari.

Yanzu ka saurare ni da kyau, wannan ya fi duk abin da na faɗa. In bakin ya cushe, ka kashe shaf, ka kashe tarakta, ka zare makulli ka sa a aljihu, sannan ka sauka. Kada ka tura kara da ƙafa, kada ka ja shi da hannu injin na juyawa. Yana fizgar kara da saurin da kafin ƙwaƙwalwarka ta ce ka saki, hannun ya riga ya shiga. Kada ka zo kusa da shaf da babbar riga ko rawani ko hirami. In za ka shiga ƙarƙashin ƙofar baya, ka kulle ta da makullinta na haidirolik, don tiyo ɗaya in ya fashe ƙofar faɗowa take yi. Yaran ƙauye suna son bin injin a baya don kallon fitowar dami, ka kore su ko da za su ji haushinka. In gonar na da gangara, ka juya ka ajiye damin a gicciye yadda ba zai gangara ba.

Sai wuta. Boris ɗin da ya mutu yakan yi zafi har ya yi ja, ga garin kara ya taru a kansa. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka tsaya ka kashe komai, ka zagaya kana kai bayan hannunka kusa da kan kowace rola. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi, ko kake jin ƙaurin giris daga gare shi, ya gama aiki. Ka share ƙura kullum, ka rataya tukunyar kashe gobara da jarkar ruwa a tarakta. In hayaƙi ya tashi, ka fitar da damin nan take, ka ja injin zuwa fili mara kara ta ɓangaren da iska ke fitowa.

Malam, ina turkar raguna takwas da bijimai biyu a gida. Na sayi dami biyu na karan masara, amma ganyen kawai suke tsincewa su bar sandunan, kuma ban ga suna ƙiba ba. An cuce ni ne?
*Hajiya, Tudun Wada, Zariya*

Hajiya, ba a cuce ki ba, sai dai an bar ki da zaton da ba haka ba. Inji yana tattara kara ne ya matse shi don sauƙin ɗauka da ajiya, ba ya ƙara masa komai. Sinadarin gina jiki da ke cikin busasshen karan masara bai fi kashi 4 zuwa 6 cikin 100 ba, harawar wake ko ta gyaɗa kuwa takan ninka haka sau biyu ko fiye. Kara cika ciki ne. Zai riƙe dabba kada ta faɗi a rani, amma ƙibar da kike nema ta Babbar Salla sai da harawa da kowar wake da dusa da ƙulin auduga, da gishiri ko kanwa, da ruwa wadatacce.

Don rage ɓarna, a kai karan wurin masu injin daddatsa abincin dabbobi, ko yara su sassara shi da adda gajeru-gajeru, a yayyafa masa ruwan gishiri kaɗan a cuɗa da dusa. Haka za su ci har da sandar. Ki zuba a kwami, kada a ƙasa, don abin da rago ya taka ya yi wa fitsari ba ya komawa kansa.

Akwai kuma hanyar takin yuriya, wadda masana abincin dabbobi suka daɗe suna koyarwa. A narkar da kilo 4 na yuriya cikin ruwa kamar lita 50, a yayyafa wa kilo 100 na daddatsen kara daki-daki ana tattakewa, a cikin rami ko ɗaki, a rufe ruf da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako uku. In an buɗe za ki ga ya yi laushi, launinsa ya koma ruwan ƙasa, yana wari mai hawa kai. A baza wanda za a bayar ya sha iska tukuna. Sinadarin gina jikinsa yakan kusa ninkawa, kuma ya fi narkewa a ciki. Amma yuriya guba ce in an yi ganganci. A auna da sikeli, kada a ƙiyasta da ido. Kada dabba ta sha ruwan ko ta lashi takin. A fara ba su kaɗan-kaɗan har cikinsu ya saba. Ba a ba doki ko jaki, ba a ba ɗan maraƙi ko ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa ba. Karon farko ki nemi malamin gona ya tsaya a kai.

Ragar da aka naɗe damin da ita, da igiyar roba, ki cire su tas ki ƙone ko ki ɓoye. Duk mahaucin da ke Zariya zai gaya miki irin ledar da suke cirowa daga tumbin dabbobi. Ragar nan haka take taruwa, dabba tana ci tana ramewa ba a san dalili ba.

Malam, ni makiyayi ne, rugarmu tana wajen Fatika. Tun kakanninmu, in an gama girbi muna shiga gonaki da izinin masu su, shanu su ci kara su bar taki. Bana wani mai babbar gona ya kawo inji ya kwashe komai, ya ce in muna so mu saya. In kowa ya yi haka, ina za mu?
*Makiyayi, daga Fatika*

Ɗan'uwa, tambayarka ta fi duk sauran nauyi a wurina, kuma amsar da zan ba ka manoma nake so su fi saurara.

Kara na mai gona ne, yana da ikon sayar da shi, wannan ba gardama. Amma tsohon tsarin da ka ambata ciniki ne da kowa ke cin riba: kai ka samu abincin shanu, shi ya samu taki har cikin gona ba tare da ya biya kuɗin jaki ko tirela ba. Wanda ya kwashe kara ya sayar, ya sayar da wani abu daga jikin ƙasarsa. Kowane tan ɗaya na karan masara yana tafiya da kimanin kilo 8 na naitirojin, kilo 2 na fosfet, da sama da kilo 15 na fotash. Mafi yawan fotash ɗin da masara ta sha a kara yake zama, kaɗan ne ke shiga tsaba. Wannan sai an sayo shi a buhun kamfa an mayar. Abin da buhu ba zai mayar ba shi ne ruɓaɓɓen ganye da ke sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa, wanda dama ƙasarmu ta nan arewa ba ta da shi da yawa. Gonar da aka share tas tun Nuwamba za ta sha iskar hunturu da ranar bazara tsirara, ruwan farko na Mayu ya daddaɓe fuskarta ya gudu da ita zuwa kwari. Shekara ɗaya ba za a gani ba. A jera huɗu ko biyar, mai gonar da kansa zai fara cewa taki ya daina aiki.

Don haka abin da nake gaya wa masu inji shi ne su ɗauki rabi su bar rabi. A yanke sama, a bar tushiya da abin da ya zube, yadda aƙalla kashi ɗaya cikin uku na fuskar ƙasa zai kasance a rufe. Gona mai gangara ko mai yashi kada a kwashe ta sam. Wadda aka kwashe bana a bar ta baɗi.

Kai kuma akwai abin da injin zai yi maka wanda tsohon tsari bai yi ba. Shanu in sun shiga gona, abin da suke tattakewa ya fi abin da suke ci, kuma kafin Janairu ya ƙare an cinye mai kyan, saura rana da gara da gobarar daji. Wahalarku ta gaske a Maris da Afrilu take. Damin da aka ajiye tun kaka shi ne zai kai ku wannan lokacin. Ku je wurin mai gonar, kai da ardonku, a gaban mai unguwa ko dagaci, ku yi magana a kan musaya: dami kaza, shanu su kwana a gonarsa dare kaza bayan an kwashe, ana matsar da makwancinsu don takin ya bazu. Ko ya kawo dami ruga, tirelar ta koma da taki. Yana bukatar takinku fiye da yadda ya sani, ku kuma kada ku raina abin da ke hannunku. A faɗi adadi a gaban shaidu, don yawancin rigimar da muke gani daga maganar da ba a ƙulla ba take tasowa.

Masu manyan gonaki su kuma tuna da matan ƙauye. Karan dawa shi ne itacen girkinsu, shi ne dangar gida da rumfa. A bar musu wani yanki su ɗiba kafin silasha ta shiga.

Injiniya, bela zai iya naɗe harawar wake da ta gyaɗa? Muna kuma da tattakar shinkafa a fadamar Galma da muke ƙonewa duk shekara.
*Shugaban wata ƙungiyar manoma, Dakace*

Shugaba, zai iya, amma a harawa sai da lura. Darajarta a ganye take, ganyen kuwa in ya bushe ko taɓa shi aka yi sai ya zube. Inji da tsakar rana zai bar muku ganyen a ƙasa ya naɗe igiyoyin. A yi da sassafe tana da sanyin raɓa, a tafi a hankali. In gonakin ƙanana ne, naɗin hannu da iyayenmu ke yi su ɗora a kan rufi ko reshen bishiya ya fi adana ganye, ban ga dalilin barinsa ba.

Shinkafa ce inda ƙungiyarku za ta ci riba. Karanta siriri ne mai laushi, kuma an riga an tara shi wuri ɗaya a masussuka. Akwai ƙananan bela da ake ƙerawa a Sin da Indiya, daminsu faɗin santimita 70, nauyi kilo 15 zuwa 25, ƙaramar tarakta ma tana jan su. Mutum ɗaya zai saɓa damin a kafaɗa, a ɗaura biyu a bayan babur, mai akuya uku ma zai iya saye. Sai dai a jera karan a layi, kada a tsaya ana cusa wa injin da hannu. Kuma ƙasar fadama tana riƙe laima, a juya shi ya bushe sosai kafin naɗi.

Malam, na ji an ce dami yana iya kama wuta da kansa. Gaskiya ne? Kuma yaya zan ajiye shi har bazara?
*Malami mai noma, Hunƙuyi*

Gaskiya ne, Malam. In aka naɗe kaya da sauran ɗanyantaka, ƙwayoyin halitta da ke cikinsa suna ci gaba da aiki suna fitar da zafi, matsin damin kuma ya hana zafin fita. Ƙa'ida ita ce laimar da ke cikin karan ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A hunturu sosai wannan ba ya ba mu wahala. Haɗarin yana ga masu gaggawa a Oktoba, ruwa bai gama ɗaukewa ba, ganye ya bushe amma cikin sandar da sauran ruwa. Ka karya kara a gaɓar ƙasa, ka murɗa, ka danna farin cikinsa da farce. In ka ji sanyi ko danshi, a ƙara masa kwanaki. Ko bai kai ga wuta ba, irin wannan damin yakan yi fumfuna, abincin da ya yi fumfuna kuwa ba a ba dabba, balle mai ciki ko mai ba da nono.

Makonni shida na farko su ne na sa ido. Ka soka rodi har tsakiyar dami, ka bar shi minti goma sha biyar, ka zaro. In ɗumi ne kawai, ba komai. In ba ka iya riƙe shi a hannu, ka raba wannan damin da sauran, ka kai shi fili, ruwa na kusa kafin a buɗe shi, don shigar iska ce ke tayar da wutar.

Wurin ajiya ya zama tudu, nesa da gida da bakin hanya. Kada dami ya taɓa ƙasa, gara ba ta jira. A shimfiɗa tsofaffin tayoyi ko duwatsu a ɗora a kai, a riƙa leƙa ƙarƙashi duk mako. A jera su baki da baki a matse, tsakanin layi da layi a bar kamar mita ɗaya don iska. A nome ciyawa tas a kewaye, faɗin mita biyar ko fiye, saboda masu farautar gafiya da wuta. In damin da yawa, a raba shi wuri biyu ko uku. Abin da bai ƙare ba kafin ƙarshen Afrilu a rufe samansa da tamfol a bar gefuna a buɗe, ko a shigar da shi rumfa. Tsutsar kara takan kwana rani a cikin sandar dawa da masara ta fito da ruwan farko, don haka ragowar da dabbobi suka bari a zuba ta ramin taki ta ruɓe kafin shuka, kada a bar ta jibge a bakin gona.